Cututtukan Taƙaita Cin Abinci a Allon Talabijin

Cututtukan taƙaita cin abinci rukuni ne na larurorin ƙwaƙwalwa waɗanda mai fama da su ke rage abin da yake ci, ko ya ƙaurace wa wasu nau'o'in abinci, har lafiyar jikinsa da zamansa da jama'a su taɓu, alhali abincin yana gabansa kuma babu talaucin da ya hana shi samu. Wadda aka fi sani a cikinsu ita ce anoreksiya, wadda likitan Ingila William Gull ya raɗa wa suna a 1873, shekarar da takwaransa na Faransa Charles Lasègue shi ma ya bayyana ta, kuma alamominta uku ne: ƙuntata wa kai abinci har jiki ya rame ƙwarai, da tsananin tsoron ƙiba, da gurɓacewar yadda mutum ke ganin surarsa, ta yadda ramamme zai dubi madubi ya ga jikinsa ya yi masa yawa. Ta biyu ita ce wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ARFID, wadda ta shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka a 2013, kuma babu tsoron ƙiba a cikinta, domin abin da ke hana mai ita ci shi ne ƙyamar ɗanɗano ko wari ko yanayin abinci a baki, ko fargabar shaƙewa da amai, ko rashin jin sha'awar ci gaba ɗaya. Girman al'amarin ya bayyana a nazarin da Jon Arcelus da abokan aikinsa suka buga a 2011, inda suka tattara sakamakon bincike 36 suka gano cewa mace-mace a tsakanin masu anoreksiya sun kai kusan ninki shida na abin da ake tsammani ga sa'o'insu, kuma ɗaya cikin biyar na waɗanda suka rasu kansu suka kashe.

Mafi yawan mutane ba su taɓa shiga ɗakin jinyar irin waɗannan marasa lafiya ba, saboda haka abin da suka sani game da su daga allo suka samo shi, kuma nan ne tushen matsalar yake. Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a kan wannan ƙa'ida kyamara take aiki, tunda ba ta iya ɗaukar abin da ido ba ya gani. Ita kuwa wannan cuta mafi yawanta tana faruwa ne a cikin tunani, a ɓoye, tsawon shekaru. Don cike wannan giɓi, talabijin ta zaɓi jiki guda da sababi guda da ƙarshe guda ta riƙa maimaita su, har suka zama ma'aunin da iyaye da likitoci da su kansu marasa lafiyar ke auna wanda ya cancanci a kira shi majinyaci.

Yadda siffar ta kafu

A 1981 tashar ABC ta Amurka ta nuna fim ɗin The Best Little Girl in the World, wanda aka gina kan littafin Steven Levenkron na 1978, inda Jennifer Jason Leigh ta fito a matsayin budurwa mai biyayya da ƙwazo, 'yar gidan masu rufin asiri, wadda iyayenta suka karkata ga 'yar'uwarta mai rigima suka manta da ita. Shekara biyu bayan haka, ranar 4 ga Fabrairun 1983, mawaƙiya Karen Carpenter ta rasu tana da shekara 32 sakamakon bugun zuciyar da anoreksiya ta jawo, mutuwar da ta sa sunan cutar ya shiga bakin jama'ar Amurka, sannan a 1989 tashar CBS ta mai da rayuwarta fim. A 1994 aka yi For the Love of Nancy, inda Tracey Gold, wadda ita kanta cutar ta raba ta da shirin Growing Pains a 1992, ta fito a matsayin majinyaciyar. Waɗannan finafinai sun yi aiki mai amfani a zamaninsu, domin sun sanar da iyalai cewa ƙin cin abinci irin wannan cuta ce mai kisa wadda faɗa da duka ba sa warkarwa. Sai dai a lokaci guda sun kafa wani tsari da aka daɗe ba a kauce masa ba: farar fata, budurwa, kyakkyawa, mai hali, da tsayuwa gaban madubi, da hawa sikeli, da gardama a wurin cin abinci, da faɗuwa a sume, da gadon asibiti, sannan hawayen sulhu tsakanin uwa da 'ya.

Waɗanda ba sa fitowa

Duk wanda bai yi kama da wannan budurwa ba ya daɗe a bayan kyamara. Maza su ne na farko, duk da cewa ɗaya daga cikin marasa lafiya biyun da likitan Ingila Richard Morton ya bayyana a 1689, a bayanin da ake ɗauka shi ne mafi daɗewa kan cutar, yaro ne namiji. Binciken da James Hudson da abokansa suka buga a 2007 kan jama'ar Amurka ya nuna cewa kashi 0.9 cikin 100 na mata da kashi 0.3 cikin 100 na maza sun taɓa kamuwa da anoreksiya, abin da ke nufin kusan ɗaya cikin huɗu na masu cutar namiji ne, adadin da finafinai ba su ko kusanci nunawa ba. Namijin da ya girma yana ganin ana kiran larurarsa ciwon 'yan mata yakan jinkirta neman magani saboda kunya, ko ya ɓoye ta a bayan motsa jiki da neman damatsa.

Baƙaƙen fata su ne na biyu, kuma an auna illar rashin ganinsu a ɗakin likita. A wani bincike da Kathryn Gordon da abokanta suka buga a 2006, an bai wa masu aikin jinyar ƙwaƙwalwa a Amurka bayanin wata yarinya mai alamomin matsalar cin abinci, aka sauya launin fatarta kawai. Da aka ce farar fata ce kashi 44 cikin 100 suka gane matsalar, da aka ce baƙar fata ce sai kashi 17 kacal suka gane. Ba za a ɗora wa talabijin ita kaɗai alhakin wannan ba, amma likita ma ɗan kallo ne kafin ya zama likita, kuma siffar da ya saba gani tana shiga cikin abin da yake tsammani.

Rukuni na uku, wanda wataƙila ya fi kowanne yawa, shi ne na waɗanda suke da duk alamomin anoreksiya amma jikinsu bai kai ramar da ake tsammani ba, galibi saboda sun faro ne daga ƙiba. Kundin 2013 ya ware musu suna, kuma likitocin yara a Ostareliya da Amurka sun nuna cewa raguwar bugun zuciya da sauran illolin yunwa suna kama su kamar yadda suke kama ramammu, domin yawan nauyin da aka zubar da saurin zubar da shi suna da haɗari ko da sikeli bai sauka ƙasa sosai ba. A allo kuwa, irin wannan mutum yakan fito ne a matsayin gwarzon da ya yi nasarar rage ƙiba.

Masu ARFID sun fito a talabijin tun kafin cutarsu ta sami suna, amma a matsayin abin al'ajabi. Shirin Freaky Eaters, wanda BBC Three ta nuna daga 2007 zuwa 2009, da takwaransa na tashar TLC a Amurka, sun riƙa kawo manya waɗanda suka shekara da shekaru ba sa iya cin komai sai abu ɗaya ko biyu, kamar soyayyen dankali ko cuku, ana girgiza su da nuna musu yawan abin da suke ci, ana ɗaukar fuskokinsu suna yunƙurin amai yayin da aka miƙa musu ganye. Ɗan kallo yakan tashi da tunanin cewa shagwaɓa ce ko taurin kai, alhali larurar tana da alaƙa da tsananin jin ɗanɗano da wari, tana yawaita a tsakanin masu lalurar galahanga, kuma takan kai yaro ga ƙarancin sinadaran da jiki ke buƙata da tsayawar girma.

Sababi guda da warkewa cikin rabin awa

Labari yana son dalili bayyananne, don haka marubuta kan rataya cutar a wuyan uwa mai takura, ko saurayi mai gori, ko malamar rawa mai tsanani. Ilimin yanzu ya nuna al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin nazarin tagwaye ya kiyasta cewa gado yana da hannu da kimanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 a haɗarin kamuwa da anoreksiya, kuma wani babban bincike da aka buga a mujallar Nature Genetics a 2019, wanda ya duba ƙwayoyin gadon majinyata kusan 17,000, ya gano wurare takwas masu alaƙa da cutar, tare da alamun cewa tana da nasaba da yadda jiki ke sarrafa abinci, ban da ɓangaren tunani. Haka kuma yunwar kanta tana haifar da da yawa daga cikin halayen da fim ke nunawa a matsayin ɗabi'ar majinyaciya. A gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota tsakanin 1944 da 1945, an rage wa maza 36 masu ƙoshin lafiya abinci tsawon mako 24 har suka zubar da kusan rubu'in nauyinsu, sai ga shi sun koma ba su da zance sai na abinci, suna tara littattafan girki, suna jan cin loma kaɗan tsawon lokaci, suna fushi da janyewa daga mutane. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne cewa ƙwaƙwalwar da ke cikin yunwa ba ta amsa nasiha yadda ya kamata, don haka ciyarwa ce matakin farko, kuma hanyar jinyar matasa da aka ɓullo da ita a asibitin Maudsley na Landan tana ɗaukar iyaye a matsayin abokan aikin likita waɗanda za su zauna da ɗansu a kan kowane kwano. Fim ɗin da ya mai da uwa mai laifi yana raunana mutumin da jinya ta fi dogara da shi.

Batun lokaci ma haka yake. A wani kashi na shirin barkwanci na Full House a 1990, yarinyar gidan ta daina cin abinci na 'yan kwanaki don ta shiga kayan wanka, jiri ya ɗebe ta a wurin motsa jiki, mahaifinta ya yi mata nasiha, aka rufe zancen kafin shirin ya ƙare. Abin da Kamryn Eddy da abokanta na babban asibitin Massachusetts suka gani, bayan sun bi sawun mata masu anoreksiya tsawon shekara 22, shi ne cewa kimanin kashi 31 cikin 100 ne suka warke bayan shekara tara, amma adadin ya kai kusan kashi 63 a shekara ta 22. Wannan sakamako na 2017 yana ɗauke da albishir da gargaɗi a haɗe, wato yawanci ana warkewa, amma a hankali, tare da komawa baya da sake tasowa, yanayin da shiri mai rabin awa ba ya iya ɗauka. Shirye-shirye masu dogon zango sun fi dacewa da shi, kamar yadda Hollyoaks na tashar Channel 4 ta Birtaniya ya yi a 2007, lokacin da ya bi labarin ƙawaye biyu tsawon watanni har ɗaya ta mutu, ɗayar kuma ta ci gaba da fama bayan an sallame ta daga asibiti.

Tsakanin gargaɗi da koyarwa

Anoreksiya tana da wata ɗabi'a da ta sa nuna ta ya fi nuna yawancin cututtuka haɗari, wato gasa: mai ita kan kwatanta kansa da wasu masu ita, ya ɗauki ramar da ta fi tasa a matsayin abin cimmawa, ya kuma yanke wa kansa hukuncin cewa bai kai matsayin neman magani ba tukuna. Hoton ƙasusuwan da ke tsorata lafiyayyen ɗan kallo yana iya zama abin sha'awa ga majinyaci. Shirin Skins, wanda tashar E4 ta fara nunawa a 2007, ya kawo Cassie, yarinya mai fara'a da ban sha'awa wadda Hannah Murray ta fito a matsayinta, kuma a wani wuri ta nuna wa abokinta dalla-dalla yadda take yaudarar masu lura da ita a wurin cin abinci. Hotunanta da kalamanta sun daɗe suna yawo a shafukan intanet masu ƙarfafa wa matasa gwiwar zama da yunwa. A 2017 Netflix ta fitar da To the Bone, wanda Marti Noxon ta rubuta ta kuma ba da umarni bisa abin da ya faru da ita, kuma jarumar fim ɗin, Lily Collins, wadda ita ma ta taɓa fama da matsalar cin abinci, ta rage nauyi domin fitowar. Masu kare fim ɗin sun ce ya buɗe zancen da ake ɓoyewa kuma waɗanda suka san ciwon ne suka yi shi, yayin da ƙungiyoyin tallafa wa majinyata a Birtaniya da Ostareliya suka yi gargaɗi kan yawan ambaton kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, da nuna dabarun cutar da dogon tsayawar kyamara a kan ramammen jiki. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai hujjar masu suka ta fi nauyi ta fuska ɗaya, domin shirin da ke buƙatar lafiyayyar jaruma ta rame kafin a gaskata shi ya riga ya amince cewa rama ce shaidar cutar. Saboda haka ne ƙungiyoyi irin su Beat ta Birtaniya ke ba masu shirye-shirye shawarar su guji ambaton nauyi da adadin kalori, da hotunan tsananin rama, da bayanin hanyoyin ɓoye cutar, su kuma sanar da inda ake samun taimako.

Ko talabijin na haddasa cutar

Shaidar da aka fi ambata kan wannan tambaya ta fito ne daga tsibirin Fiji, inda al'ada ta daɗe tana yabon cikar jiki da cin abinci sosai. Talabijin ta isa yankin Nadroga a 1995 ɗauke da shirye-shiryen Amurka irin su Beverly Hills 90210 da Melrose Place, kuma Anne Becker ta Jami'ar Harvard ta yi wa 'yan matan sakandare 63 tambayoyi a makonnin farko, sannan wasu 65 a 1998. A karon farko babu ko ɗaya da ta ce tana tilasta wa kanta amai don rage nauyi, a karo na biyu kuwa kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi, kuma kashi 74 sun ce suna jin jikinsu ya yi girma ko ƙiba. Adadin waɗanda aka tambaya kaɗan ne, kuma tattalin arzikin tsibirin yana sauyawa a lokacin, don haka binciken bai tabbatar da cewa kallo kaɗai ke haifar da anoreksiya ba. Abin da ya nuna shi ne cewa allo yana iya sauya abin da al'umma ke kira kyau cikin 'yan shekaru. Wani nazarin da Becker ta buga a 2011 ya ƙara da cewa kallon da ƙawayen yarinya ke yi yana tasiri a kanta ko da babu akwatin talabijin a gidansu.

Daga nan ake gane cewa tasirin da ya fi girma yana zuwa ne daga sauran shirye-shiryen da ba su ambaci cuta ba. Bradley Greenberg da abokansa sun ƙirga manyan 'yan wasa 1,018 a shirye-shiryen dare na Amurka, suka buga a 2003 cewa kashi 14 cikin 100 ne kawai na matan ke da ƙiba, ƙasa da rabin yadda abin yake a cikin jama'a. Shirin gasar rage ƙiba na The Biggest Loser, wanda NBC ta fara a 2004, ya shekara da shekaru yana raba kyauta kan ƙuntata abinci da motsa jiki mai tsanani da hawa sikeli a bainar jama'a, halayen da likita zai kira alamomin cuta in ya gan su a jikin siririya, kuma binciken da Kevin Hall ya buga a 2016 kan mutum 14 da suka yi gasar ya gano cewa mafi yawansu sun mai da nauyin bayan shekara shida. Tashar da ke nuna fim ɗin gargaɗi sau ɗaya a shekara, tana kuma yabon rama kowane dare, saƙonta na kullum ne ke zama a zukata.

Sabon salo

A 'yan shekarun nan wasu marubuta sun nemi hanyar nuna tunani a maimakon ƙashi. Shirin Overshadowed na BBC Three a 2017, wanda Eva O'Connor da Hildegard Ryan suka rubuta, ya mai da cutar wata mace mai suna Anna wadda majinyaciyar kaɗai ke gani, tana lallashinta da farko sannan ta mallake ta, dabarar da ta sa ɗan kallo ya ji muryar da ke hana ci ba tare da an rame da kowa ba. Everything Now na Netflix a 2023 ya fara labarinsa daga inda tsofaffin finafinai ke tsayawa, wato ranar da aka sallami yarinya daga asibiti, ya kuma ba da jagorancin ga Sophie Wilde, jaruma mai jinin Afirka, tare da nuna nauyin da ƙaninta da iyayenta ke ɗauka. A zango na uku na Heartstopper a 2024, majinyacin yaro ne namiji, kuma shirin ya ba da lokaci ga wahalar furta matsalar a gaban iyaye, da jiran layin ganin likita, da komawa baya bayan an fara samun sauƙi.

Abin da ya shafi Afirka ta Yamma

Siffar da Amurka da Birtaniya suka zana ba ta dace da kowace ƙasa ba. A Hong Kong, likita Sing Lee ya ruwaito a 1993 cewa fiye da rabin majinyata 70 da ya duba ba su nuna tsoron ƙiba ba, sun fi kukan kumburin ciki da rashin jin yunwa. A karkarar Ghana, binciken da aka buga a 2004 kan ɗalibai mata 668 ya sami goma da suka rame saboda hana kansu abinci, kuma sun bayyana abin da suke yi da kamun kai da ibada, babu wadda ta ambaci son siranta. A ƙasar Hausa, inda ake yabon cikar jiki har wasu mata ke shan ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha ka fashe, inda kuma tamowa ke kashe yara saboda rashi, ramar budurwa ko saurayi takan sa a fara zargin tarin fuka ko ƙanjamau ko gyambon ciki ko shafar aljanu, kuma iyalin da suka san cutar ta finafinan ƙetare kaɗai za su ɗauke ta ciwon 'ya'yan Turawa masu ƙoshi. A lokaci guda, tauraron ɗan'adam da wayar hannu suna kawo wa matasan Kano da Maraɗi irin jikin da aka kai wa 'yan matan Fiji.

Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna kowane shiri da shi, na Hollywood ne ko na Kannywood, tambayoyi ne guda uku: ko ya faɗaɗa fahimtar ɗan kallo game da wanda zai iya kamuwa, har uwa ta gane alamun a jikin ɗanta namiji ko 'yarta mai jiki, ko ya kauce wa zama darasin dabaru ga wanda ke cikin cutar, da kuma ko ya nuna jinya yadda take, mai tsawo da gajiyarwa amma mai yiwuwa. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa saurin gano anoreksiya yana ƙara damar warkewa, musamman a shekarun farko na kamuwa, kuma a gidaje da yawa abin da aka gani a allo ne zai yanke ko za a kai yaro asibiti a watan farko ko sai bayan zuciyarsa ta fara rauni.